Zauren Makanikai: Gyaran Kayan Haƙar Burtsatse Na Tafi-da-gidanka

Wasiƙun wannan wata sun fi karkata kan ƙananan kayan haƙa, irin waɗanda mutum huɗu ko biyar ke lodawa a amalanke ko A Daidaita Sahu su shiga fadama da su. Tun shekarun 1980, lokacin da hukumomin raya aikin gona na Kano da Bauchi da Sakkwato suka yaɗa washbo da tubwel, wato ƙananan rijiyoyin bututu marasa zurfi, don noman rani, yawancin waɗannan kaya a shagon mai walda ake ƙera su, kowa yana kwaikwayon na maƙwabcinsa har da kurakuran. Mun zaɓo tambayoyin da suka fi maimaituwa.

Assalamu alaikum. Da injin ban ruwa mai inci 2 nake haƙa, bututun haƙa inci 1¼, rami inci 6. Mita 15 na farko ba wata wahala, amma daga mita 20 sai aiki ya cije, yashi ya daina fitowa, bututu ya riƙa nauyi. An ba ni shawarar in sayi inji mai inci 3. In saya?
*Mai haƙar washbo, Haɗeja*

Wa alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka tukuna, don da alama bututu ne mai laifin. A irin wannan haƙa, baki, wato ƙarfen da ke ƙarshen bututun haƙa, kankarar ƙasa kawai yake yi. Ruwan da ke dawowa sama ta tsakanin bututu da bangon rami shi ke ɗauko abin da aka kankare. Idan bai hau da saurin da ya kai kamar mita 20 a minti ɗaya ba, yashi mai kauri zai riƙa komawa ya taru a kan bakin, kana ta niƙa abin da ka riga ka niƙa.

Ga lissafin. Rami mai faɗin milimita 150, in an cire wurin da bututunka ya tare, kowace mita tana cin ruwa lita 16 da ɗoriya, ke nan kana buƙatar lita 300 zuwa 330 a minti. Lita 600 da ka gani a jikin kwalin inji, wannan sai in ruwa na kwarara a fili ba abin da ya tare shi. Tura lita 300 a minti ta cikin bututun inci 1¼, wanda cikinsa bai wuce milimita 35 ba, yana cinye ƙarfin turi na kusan mita ɗaya a kowace mita ta bututu. Injinka kuwa iyakar turinsa wajen mita 30 ne, kuma a can ɗin ko ɗigo ba ya bayarwa. Kafin ka kai mita 20, gogayyar cikin bututu ta riga ta lashe kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa. Da inci 1½ ne, asarar a tsawon mita 30 wajen mita 13 ce. Da inci 2 kuwa, mita 4 kacal.

Inji mai inci 3 ya fi yawan ruwa, amma turinsa bai fi na inci 2 ba, sau da yawa ma bai kai shi ba. Haɗa shi da siririn bututu kamar juye tulu ne a bakin buta.

Kafin ka sayi komai, gwada abu biyu. Tara bokiti mai lita 20 a inda ruwa ke fitowa daga rami: ya kamata ya cika cikin daƙiƙa 4. Sannan watsa tafi ɗaya na ɓuntun shinkafa a bakin tiyon da ke zuƙo ruwa, ka duba agogo. A zurfin mita 20, in ya haura minti ɗaya da rabi bai dawo ba, ruwanka ya yi sanyi. Duba kuma sauran wuraren da ke shaƙe ruwa: tiyon da ya lanƙwashe, ƙuntataccen ramin suwibul (mahaɗin sama da ke barin bututu ya juya ruwa na shiga daga tiyo), da ƙofofin baki. Ƙofa uku masu milimita 16 zuwa 20 sun wadatar. Illar inci 2 ɗaya ce, nauyi, don kowace mita ta haura kilo 5, mita 30 ke nan sama da kilo 150. In ba ka wuce mita 25 ba, inci 1½ zai yi maka.

Sau uku ke nan a bana bututu na karyewa a cikin rami, kuma kullum daidai bakin soket. Ƙarfen yanzu ne ba shi da kyau?
*Mai walda, Argungu*

Ɗan'uwa, ƙarfen na da nasa laifin, amma babban laifin na tiredi ne. Tiredin bututun famfo, wanda ke da zagaye 11 a kowane inci, an yi shi ne don ya riƙe ruwa a jikin bango, ba don a murɗa shi a ɗaga a buga ba. Yanka shi yana cin kusan milimita 1.5 na kaurin bututu. Bututun inci 2 marar kauri milimita 2.9 ne, abin da ya rage ƙasa da milimita ɗaya da rabi. Mai zoben shuɗin fenti milimita 3.6 ne, mai ja 4.5. Duk lanƙwasar da bututu ya yi a rami, a zagayen ƙarshe na tiredi take tarewa, nan ne tsaga ke farawa kamar gashi har ranar da zai ɓalle.

Maganin shi ne a daina yanka tiredi a jikin bututun haƙa. Kai wa mai injin sassaƙar ƙarfe ya yi maka mahaɗai, namiji da mace, daga ƙarfe mai kaurin milimita 8 zuwa 10. Tiredin ya zama manya masu faffaɗan kai, zagaye 3 ko 4 a inci, tsawonsa santimita 5 zuwa 6. Muhimmin abu, a bar musu kafaɗa, yadda in an ɗaure, kafaɗar namiji za ta zauna daram a kan bakin macen. Kafaɗar ce ke ɗaukar murɗi, tiredi ja kawai yake yi. A bar wa kowane mahaɗi wuya na santimita 3 ko 4 da zai shige cikin bututu kafin walda, kuma kada ramin cikinsa ya gaza milimita 40 a bututun inci 2, in ba haka ba ka koma matsalar mai tambaya ta farko.

Wajen walda nan ake yawan ɓata aiki. Kwantar da bututu da mahaɗi a cikin dogon angul miƙaƙƙe, ɗiga walda a wuri huɗu masu fuskantar juna, mirgina shi a kan daɓe. In kan yana rawa, fasa ka sake tun kafin ka zagaye. Mahaɗi ɗaya karkatacce ya isa ya sa duk jerin bututu ya riƙa dukan bangon rami. Yi amfani da baƙin bututu. In dole sai farin mai rufin zinki, goge rufin da girenda wajen santimita 5 daga inda za a yi walda, kuma a yi a fili, don hayaƙinsa na sa zazzaɓi da ciwon ƙirji.

Sai ƙaramin abu mai tsawaita rai: a fere gefe biyu na mahaɗin su yi shafal don sifana ta kama, a daina cizon jikin bututu da sifana mai haƙora. A wanke tiredi, a shafa giris duk ɗauri, a rufe kan namiji da guntun tsohon tiyo in za a loda kaya.

Suwibul ɗina ba ya wuce rijiya biyar sai ya fara tsiyaya, boris ya cije.
*Daga Gashuwa*

Malam, buɗe shi ka duba, za ka tarar giris ya zama taɓo mai yashi. Yawancin suwibul ɗin kasuwa boris da ruwa ɗaki ɗaya suke kwana, oyil-sil guda ne tsakaninsu. Da yashi ya ci leɓen sil ɗin, sai ya wuce kai tsaye cikin boris.

A raba musu ɗaki. Tsakanin sil na ruwa da sil na boris a bar fili kamar santimita 2, a huda rami na milimita 6 da ke fita waje. Duk ruwan da ya tsallake sil na farko ta nan zai ɗigo, ka gani da idonka ka san lokacin canji ya yi, boris kuwa bai ji komai ba. A wajen ruwa, igiyar shaƙe famfo mai giris, zobe uku ko huɗu da murfin da ake matsawa da noti, ta fi oyil-sil jure yashi, kuma ana ƙara matse ta ana cikin aiki. Inda take goga a sa hannun riga na ƙarfe da ake iya zarewa, don shi ya riƙa cinyewa a madadin sandar.

Boris kuma a duba irinsa. Mai ƙwallaye, kamar 6210, an yi shi ne don nauyin da ke zuwa daga gefe, alhali suwibul rataye yake da nauyin bututu gaba ɗaya. Sa mai gangara irin na ƙafar mota, kamar 30210, guda biyu suna fuskantar juna. Faɗin ciki da na waje ɗaya ne da 6210, milimita 50 da 90, sai dai ya ɗan fi shi kauri. Kada a manta da kan ɗura giris.

Amma fa ko wane irin suwibul ka ƙera, in inji yashi yake zuƙowa, ba zai daɗe ba. Haƙa ramin laka biyu, kowanne mita ɗaya a mita ɗaya, zurfin santimita 80, wanda ya kai ninki uku na ruwan da rami mai mita 30 ke ci. Na farko yashi ke kwanciya, na biyu inji ke sha. A rataye matacin tiyo taƙi ɗaya ko fiye sama da gindin rami, a riƙa kwashe na farko da shebur.

In ƙasa ta yi tauri, yara biyu nake sa wa su hau kan hannun juyi don ƙara nauyi. Haƙa na sauri, amma kesin, wato bututun da ake zurawa ya zauna a rijiya, ya ƙi shiga.
*Mai tubwel, Kura*

Ai ba zai shiga ba, Malam, ramin ya karkace. Dogon bututu in an danne shi daga sama lanƙwashewa yake kamar karan dawa, ya jingina da bango, bakin ya kama wata hanya. Nauyi a ƙasa ake son sa, dab da baki, sauran bututu su kasance a miƙe kamar igiyar guga.

Ƙera bututu ɗaya mai nauyi. Ɗauki inci 2 mai tsawon mita 1.5, zura shi cikin inci 4, daidaita shi a tsakiya, cika tsakaninsu da kankare ka toshe da walda. Zai kai wajen kilo 45, kuma faɗinsa na milimita 114 zai hana baki yawo a rami mai milimita 160. Biyu a jere sun fi yara biyu amfani. Kada a bar kafaɗarsa ta sama a tsaye: a yi mata gangara, a ɗora mata layin walda biyu ko uku, don in ƙasa ta zubo a kansa a iya juyawa ana ja har ya ci hanyarsa ya fito. Mita 3 na farko kuma a haƙa su a hankali ana duba tsayuwar bututu da ma'aunin magina ta gefe biyu, don inda rami ya fuskanta tun farko can zai tafi.

Ka kuma duba faɗin bakinka. Kesin na roba mai milimita 110 yana son rami aƙalla 160, in da hali 200, don tsakuwa ta sami wurin sauka ba tare da ta maƙale a hanya ba.

Wane baki ne ke cin yumɓu da marmara? Nawa na sufirin mota ne, haƙoran sai ɓallewa suke daga walda.
*Mai haƙar foraj, Maraɗi*

Maigida, sufirin ƙarfe ne mai kyau, sai dai ba ya son a yi masa walda da sanyi. Gasa shi tukuna har ɗigon ruwa ya riƙa tsalle a kansa, yi amfani da sandar walda 7018 busasshiya, in an gama a binne shi cikin toka ko busasshen yashi ya huce da kansa. Tsoma shi a ruwa shi ke sa tsaga a gefen walda.

Yumɓu ba tauri ne matsalarsa ba, danƙo ne. Yana naɗe baki ya zama dunƙule, sai ka ji yana juyawa sumul ba ya ci. Fiffike uku masu faɗin fili a tsakani, ƙofofin ruwa suna fesa fuskar kowane fiffike, kuma a riƙa ɗaga bututu rabin mita ana saukewa. A yanka fiffiken hawa-hawa kamar matakala, tsakiya ta riga gefe shiga. Marmara kuwa tana son haƙoran kabaid, wani ƙarfe mai tsananin tauri, waɗanda ake liƙawa da tagulla da wutar gas, kuma ta fi jin duka a kan murɗi. Dabarar da Terry Waller ya fito da ita a Bolibiya a 1993, da wadda gidauniyar PRACTICA ta ƙasar Holan ta yaɗa da sunan Rota-sludge, duk ɗagawa da saki ake yi, laka na fitowa ta cikin bututu. Ta biyun tana ƙara ɗan murɗi a daidai lokacin da baki ya bugi ƙasa. Kayan juyi ma za su iya aron wannan in akwai igiya da fuli a sama.

A Gulbin Maraɗi da Dallol Boso da fadamun Rima da Haɗeja, inda yashi da yumɓu suka yi zurfi, wannan ya isa. Amma ƙasar Kano ta kudu da Zariya da Kaduna dutse ne a ƙarƙashi. In an ci ruɓaɓɓen saman aka iske dutsen mai tauri, ba bakin da za a ƙera a shago ya huda shi, sai babbar mota mai kwamfireso da gudumar iska.

Ina so in ɗora wa kayana inji ya riƙa juya bututu a madadin mutane. Ina da inji mai ƙarfin doki 6.5 da tsohon giyabos.
*Makanike, Funtuwa*

Zai yiwu, Malam, in ka rage gudu sosai. Injin na juyi 3,600 a minti, baki kuwa 60 zuwa 120 yake so. Bel mai rage kashi 3, sai giya ta ɗaya mai rage wajen 3.5, sai aksul ɗin baya na mota mai rage wajen 4: an rage sau 42 ke nan, juyi 86 a minti. Tarkon da ke cikin aksul shi ne ƙananan giyoyin tsakiya. In ka ɗaure ƙafa ɗaya kawai ka bar su, ɗaya ƙafar za ta ninka gudu. Walda ake yi musu su zama abu guda. Kuma da yake a tsaye zai yi aiki, mai zai taru a kan sil na ƙasa, sai a sa sabo a riƙa duba shi. Ruwa ba zai bi ta cikin aksul ba, don haka suwibul mai shigar ruwa ta gefe za a sa a ƙarƙashinsa.

Ƙarfin murɗin da zai fito kamar a rataya kilo 40 ne a ƙarshen sanda mai mita ɗaya, ninki biyu na ƙarti biyu a kan hannun juyi. Bambancin shi ne mutum in ya ji baki ya cije yakan tsaya, inji kuwa sai ya murɗe bututu ko ya juya kansa ya make na kusa. Saboda haka dole kan injin ya riƙa hawa da sauka a kan dogayen ƙarfe biyu masu riƙe shi, kuma a bar wuri ɗaya mai rauni da gangan: bel da ake saki da hannu, ko fil na ƙarfe mai taushi da zai katse kafin bututu. Kada wani ya maye gurbin fil ɗin da bol mai tauri don ya gaji da canji. A toshe giyar ribas, don juyi ɗaya baya zai kwance mahaɗi a cikin rami. A rufe bel, kuma babbar riga da rawani su tsaya nesa.

Ra'ayinmu dai, in rijiyoyinka na fadama ne da ba su wuce mita 25 ba, wannan wahala ba ta biyan kanta. Kuɗin ya fi amfani a bututu da mahaɗai.

Ƙafa ukun da muke rataya bututu ta baje ana cikin ja, bututu ya sulale cikin rami. Allah Ya kiyaye ba wanda ya ji rauni.
*Shugabar ƙungiyar masu lambu, Matamai*

Hajiya, Allah Ya ƙara kiyayewa. Ku ɗaure gindin ƙafafun uku da sarƙa, kowace ƙafa a yi mata takalmi na farantin ƙarfe santimita 20 a 20 mai ramin turke. Ƙafa ta zama bututun inci 2 mai kauri, kuma in an raba ta biyu don sauƙin ɗauka, mahaɗin ya shige aƙalla santimita 30 kowane gefe, a soke da fil. Lissafin nauyi kada ya tsaya a kilo 150 na bututu, don wanda ƙasa ta riƙe yakan ninka haka sau da yawa. Wayar ƙarfe mai milimita 8 kada a ɗora mata fiye da kilo 700, fulinta kada ya gaza milimita 160, a kama bakinta da maƙalai uku, lanƙwasar kowanne a kan guntun wutsiya. Winci kuma lallai ya kasance da harshen da ke hana shi komawa baya.

Abin da zai hana bututu sulalewa ƙarami ne: farantin ƙarfe mai kaurin milimita 12, a yanka masa baki daidai jikin bututu amma ya fi mahaɗi ƙunci. Duk lokacin da za a kwance ko a ɗaura, a zura shi ƙarƙashin mahaɗi ya zauna a kan katako biyu. Yana kuma rufe bakin rami, don sifana ɗaya da ta faɗa ciki ta isa ta kashe rijiya. Wanda ya riga ya faɗa, sandar ƙarfe mai tsini da tiredi mai gangara ake zurawa a murɗa cikin bakinsa, kuma a yi a ranar, ramin cike da ruwa.

Gaskiya ne kashin shanu na hana rami ruftawa?
*Ɗalibi, Maiduguri*

Yana yi, ɗana, masu haƙar gargajiya a Indiya da Bangaladash sun daɗe suna kaɗa shi a ruwan haƙa. Amma rijiyar da za a sha ba a sa mata shi. Bentonait, garin yumɓun da ake kaurara ruwan haƙa da shi, kilo 25 zuwa 50 a lita 1,000 ya wadatar, a barbaɗa shi a hankali ana kaɗawa, a bar shi ya jiƙa tun daren jiya. Mazurarin Marsh, wanda ake ƙirga daƙiƙun da ruwa ke ɗauka ya zube ta cikinsa, shi ke auna kaurinsa: ruwa zalla daƙiƙa 26 yake yi, lakar haƙa a yashi 35 zuwa 45. Abin da ke riƙe bango shi ne nauyin ruwan da ke cikin rami, don haka kada ya sauka daga baki ko ana sallah ko cin abinci. A ajiye duro biyu cike a gefe, a sa yaro ɗaya aikinsa ke nan, kuma a zare bututu a hankali ana zuba ruwa yana cike gurbinsa. Kesin ya shiga a ranar da aka gama haƙa.